Surukin Tailan

In ka shigo Wara ranar kasuwa ka ga wani dogon mutum sanye da malfa mai faɗi irin wadda ba a saƙa ta a ƙasar nan, yana tafiya yana kallon sama kamar mai duba hadari, to ka ga ƙanena Gidiyon. Yara Ticha suke kiransa. Manya kuwa, da ya ba da baya, Surukin Tailan suke ce masa, ni kuma ban taɓa hana kowa ba. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi, ni na goye shi, don haka in na ba da labarinsa ba mai cewa ƙage na yi masa.

Ƙauyenmu yana bakin ruwa, ɗan gudun babur ne daga Wara. Shinkafa muke yi a fadama, dawa da gero a tudu, maƙwabtanmu masunta su ba mu kifi mu ba su hatsi. A nan Gidiyon ya tashi, kuma tun yana ƙarami aka gane kansa na ja. Ya yi sakandare a Yelwa, ya wuce kwalejin horon malamai ya karanci Turanci, ya dawo ya samu koyarwa a wata makarantar kuɗi a Wara. Daga ranar da ya dawo muka shiga uku. Inna ta tambaye shi ko ya ci abinci, sai ya amsa mata da Turanci, sannan ya fassara mata a hankali kamar ita ce ta yi laifi. A coci, in an tashi, sai ya tsare fasto yana gyara masa lafazi. Amma zan ba shi haƙƙinsa a abu ɗaya: ya iya garma. Babanmu kafin ya rasu bai bar shi ya fake da littafi ba. In Gidiyon ya kama kunya daga wannan kai ba ya miƙewa sai ya kai wancan, kuma ba za ka ga inda ta karkace ba.

To, a ƙauyen namu akwai gidajen da har yanzu ba su saki noman aure ba, gidan Baba Tamada kuwa shi ne kan gaba. Ga yadda abin yake. Saurayi in yana son 'yar gida, ba ya zuwa da baki. Da sassafe zai saɓi garmarsa ya shiga gonar uban yarinyar ya kama aiki, ba sallama ba bayani. In uban ba ya so, zai zo ya karɓi garmar daga hannunsa, ya kai ta bakin iyaka ya ajiye, ya koma abinsa. Saurayi ya ɗauki kayansa ya san inda dare ya yi masa. In kuwa yana so, sai ya yi kamar bai gan shi ba, rana na take tsaka sai ga yarinyar da kanta ta kawo abinci gona. Shi ke nan an gama magana, ba wanda ya buɗe baki. Daga nan saurayi ya noma wa gidan damina uku, sannan manya su zauna a sa rana.

Haka Gidiyon ya shiga gonar Baba Tamada saboda Susan. Gajeriya ce, mai hannu da sauri, ba ta da yawan magana, amma in ta yi dariya sai ta rufe baki da gefen zane, kai ma ka kama dariya ba ka san dalili ba. Ranar farko ta kawo masa tuwo da miyar kifi. Da aka kwana biyu ya je kasuwar Yelwa ya sayo mata langa shuɗiya mai murfi, ya ce a nan za ta riƙa zuba masa, kada a haɗa kwanonsa da na kowa. Duk ƙauye an san langar nan. In aka hango ta bisa kan Susan a hanyar fadama, an san Ticha na gona. Ni kaina na ce Allah ya rufa mana asiri, yaron nan ya samu wadda za ta sauko da shi ƙasa.

Ya yi damina biyu, saura ɗaya. Sai wani abokin karatunsa da ya riga shi fita ya haɗa shi da wata makaranta a Tailan da ke neman malamin Turanci. Tailan ɗin nan dai da muke gani a jikin buhun shinkafar waje. Suka yi masa tambayoyi ta waya, suka ce ya zo ya yi shekara guda, za su sauke shi a gidan wani manomi kusa da makarantar. Daga ranar Gidiyon bai ƙara taka ƙasa ba. Ya sayar da babur ɗinsa, ya sayar da bijimin da Baba ya bar masa, ya yi ta zarya Abuja neman biza.

Inna ta ce masa, "Kai ɗan nan, mi kaka nema can wanda babu nan? Ga aiki, ga mata, damana guda tar rage ma."

Ya ce, "Inna, ba ki ganewa. Duniya ta ci gaba."

Al'ada ta yarda in ciwo ko tafiya ta kama mutum, ɗan'uwansa ya riƙe masa garma na ɗan lokaci. Sai ya nemo Bilyaminu, ɗan ƙanen Babanmu. Bilyaminu shiru-shiru ne, firamare ya tsaya, kuma Gidiyon bai taɓa ɗaukarsa komai ba in ban da ɗan aike. Ya amsa ba musu. Suka je wajen Baba Tamada tare, Gidiyon ya yi dogon jawabi a kan ci gaba da buɗewar ido. Tsohon yana wasa lauje, bai ɗago ba sai da aka gama.

Ya ce, "Gidiyon, ni ban san Tailan ba. Gonag ga ni sani. Wanda nig gani cikinta da sahe, shi ni sani. Ka tahi lahiya."

Duk mai kunne ya ji abin da ke cikin maganar nan. Ƙanena kuwa ya fito yana ce mini tsohon ya sa masa albarka.

Abin da ya faru can, wani na gani da idona a waya, don kusan kullum sai ya kira ni da bidiyo ya nuna mini abin da ban tambaya ba. Sauran kuma shi ya zazzage mini da bakinsa bayan ya dawo, yana zaune a bakin murhuna ina turara shinkafa.

Maigidan da ya sauke shi sunansa Bunmi, ka ce Bayarabe ne, alhali wani ɗan tsamurmurin tsoho ne mai yawan dariya. Gidan katako ne bisa dogayen ginshiƙai, kaji da garmar inji a ƙarƙashi, su a sama. Suka ba shi ɗaki nasa. Ranar da ya iso tsofaffin unguwa suka taru suka ɗaɗɗaura masa farin zare a wuyan hannu, wai haka suke yi wa baƙo don ransa ya zauna. Matar gidan ta riƙa cika masa kwano da wata shinkafa mai danƙo da ake dunƙulawa da hannu kamar tuwo, da miyar ruɓaɓɓen kifi wadda ya ce warinta ya fi na daddawa. Har fara suke soyawa. Na ce masa, "To ashe gida ka koma, mi na na sai da bijimi?" Ya ce ni matsalata ba ni da hangen nesa.

Gaskiya mutanen nan sun riƙe shi da amana. Da zazzaɓi ya kayar da shi, tsohuwar ce ta zauna a kansa tana shafa masa man zafi. Ba ya jin yarensu in ban da gaisuwa da sunan abinci, su ma ba su jin Turanci, sai hannu da murmushi. A makaranta kuwa ya samu abin da ya daɗe yana nema, yara masu haɗa hannu su rusuna masa a bakin ƙofa, ba mai ce masa ɗan gidan wane. Ya turo mini hotonsa da taye a wuya a gaban allo ya fi a ƙirga. Mutum ɗaya ce a gidan ke jin Turanci, 'yar maigidan, Malai, nas ce a wani ƙaramin asibiti a garin da ke kusa. Ita ke fassara masa in ta dawo aiki, shi kuma yana gyara mata Turancinta, abin da ya fi iyawa a duniya ke nan.

Ban daɗe ba na lura sunan Susan ya fara ɓacewa daga bakinsa. Da farko in ya kira sai ya ce in kai mata wayar. Daga baya sai ya ce in gaishe ta. Daga baya ko gaisuwar babu. Wata rana ma ya tambaye ni wai har yanzu Susan ba ta sa takalmi in za ta fadama, don shi ya lura matan can ko gona za su sai da safar hannu. Na ce masa ƙafar da yake raina ita ke kai abinci gonar da ake noma da sunansa.

Da daminar Tailan ta kama, wata Asabar da sassafe, Gidiyon ya sauko daga ɗakinsa ya tarar da fartanyar maigida jingine a ƙarƙashin gida. Ya saɓa ta, ya bi hanyar gona, ya shiga fadamar Bunmi ya kama gyaran kunyar da ke tare ruwa. Ba sallama ba bayani, kamar yadda ya gada. Tsohon ya zo ya same shi tsamo-tsamo cikin taɓo. Bai karɓe fartanyar ba. Dariya ya yi har yana riƙe ciki, ya cire malfar kansa ya kifa masa. Rana na take tsaka kuma sai ga Malai bisa babur da kwandon shinkafa da gasasshen kifi, don ranar ba ta da aiki kuma uwarta ta aike ta.

Kafin ya wanke taɓon ƙafarsa ya kira ni. Fuskarsa kamar an ba shi sarauta.

"Yaya, an amshe ni."

Na ce, "An amshe ka ina?"

"Gidan. Na shiga gonar tsoho, bai amshe kalme ba. Ɗiyar da kanta tak kawo min abinci."

Na ajiye muciyar da ke hannuna. "Ka yi musu magana?"

"Wace magana? Ke da kinka san al'ada, ana magana?"

"Gidiyon, al'adar wa? Ta Baba Tamada ka kai Tailan?"

Ya ce manomi manomi ne ko'ina, kuma abin da ya gani a idon tsohon ba ya bukatar fassara. Ku ji fa. Mutumin da ya bi mu da Turanci har muka gaji, wanda aka biya masa jirgi saboda bakinsa, ya je wurin da baki kaɗai zai fitar da shi, sai ya kulle shi ya ɗauki fartanya. A gida ya raina mu da al'adunmu, ya ce duhun kai ne. Da ya je can sai ya zaci duk duniya ƙauyenmu ce.

Na ce, "To Susan hwa?"

Ya ce, "Ta dakata tukuna. Ban ce na hwasa ba."

Wannan ce maganar da ta fi ƙona mini rai a duk labarin nan. Da ya ce ya fasa, da na ji haushi na kwana biyu na haƙura. Amma shi so yake a ajiye masa 'yar mutane kamar irin shuka a rumbu, in ta can ta yi kyau ya manta da ita, in ba ta yi ba ya dawo ya buɗe.

Daga nan ya zama bawan gonar Bunmi. Ya tashi daga makaranta ya cire taye ya faɗa taɓo. Ya yi dashe, ya yi cira, ya ɗauki taki a ka, ya yi yanka da lauje inda inji ba ya shiga. Tsohon ya samu abin nunawa, duk baƙon da ya zo sai an kai shi gona ya ga malamin Turanci yana aikin mutum uku. Malai in tana gida ta kai abinci, in ba ta nan uwar ta kai. Ya riƙa ƙirga murmushinta yana ajiyewa a zuciya, alhali mutanen nan, yadda na gani a waya, ko kaza suka taka sai sun yi mata murmushi. Da shekara ta cika, bai shawarci kowa ba ya sabunta kwantiragi.

A nan gida kuwa Bilyaminu yana gonar Baba Tamada. Ya cika daminar da aka roƙe shi. Duk tsawonta Susan kwano biyu take ɗauka. Langar Gidiyon ta ajiye ta a gindin ɗorawa da sunan mai aiki, yaran gidan su cinye da yamma. Bilyaminu kuma ta zuba masa a ɗan kwanon roba na mai taya aiki. Aka yi girbi, ango bai dawo ba. Mata suka fara yi wa Susan kallon tausayi a bakin rafi, wanda ya fi zagi ciwo. Ta rame. Ta zo wajena sau da yawa da sunan sayen shinkafa, ta tsaya tana kallon wayata, ta tafi ba ta tambaya ba.

Da aka fara ganin hadari, Baba Tamada ya aiko wa Inna cewa in ɗanta na da sauran bukata a gonarsa, ruwa ya kusa sauka. Inna ta sa na kira shi, ta karɓi wayar da hannu biyu kamar za ta fashe.

"Ɗan nan, ka dawo ka ƙare abin da kaf fara. Kak ka kunyata ni ga mutane."

Ya ce, "Inna, damana biyu nawa na cikin ƙasag ga, ba mai hidda su. Bili shi ci gaba da riƙewa."

Ba wanda ya gaya wa Bilyaminu ya ci gaba, ba kuma wanda ya ce ya bari. Ruwan farko na sauka ya saɓi garmarsa ya tafi. Wannan karon ba aike ba ne, kuma kowa ya gane, har da Baba Tamada, wanda ya zo ya gan shi ya wuce kamar bai gan shi ba. Matar da ke noma gonar da ke kusa ita ta kawo mini labari da gudu. Ta ce da rana ta take, Susan ta zo da kwano ɗaya tak a ka, langa shuɗiya, ta sauke ta a gaban Bilyaminu ta buɗe masa murfin da hannunta.

Na gaya wa Gidiyon a ranar. Ya yi dariya, ya ce Bili ai yaronsa ne, kuma Susan fushi take yi, mata haka suke. Ya ce in bar shi yana da dashe gobe.

Bayan girbinsu na biyu, gidan Bunmi ya fara cika da hidima. Ana fenti, ana kawo kujeru, an auna Gidiyon za a ɗinka masa riga mai sheƙi. Ya kira ni yana cewa in shirya, in gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta, mutanen nan ba su ma jira damina ta uku ba. Sai da yamma Malai ta dawo aiki ta same shi a ƙarƙashin gida, tana ta murna, ta nuna masa hoton wani saurayi a wayarta. Ta ce masoyinta ne tun suna makaranta, yana aiki a wata masana'anta a Koriya, yanzu ya tara abin da ya tara zai dawo a ɗaura aure. Ta ce babanta ya ce ba shi da ɗa namiji, Gidiyon ne ɗansa, don haka shi zai tsaya a ƙofa ranar biki. A can 'yan'uwan amarya ne ke tare ƙofa da igiyar furanni, ba su barin ango ya wuce sai ya ba su tukuici.

A nan ne fa malamin Turanci ya tuna yana da baki. Ya ce mata, to noman da ya yi fa? Ta ce wane noma? Ya zauna ya warware mata al'adar tun daga garma har abinci, cikin tsaftataccen Turanci. Ya ce yarinyar ta yi tsuru-tsuru, ta rufe baki da hannu, hawaye suka zubo mata, shi kuma har yau bai sani ba ko na tausayi ne ko dariya take dannewa. Ta ce wallahi ba wanda ya sani. Babanta cewa yake yi ticha kewar gida ke damunsa, a bar shi ya yi noma ya samu sauƙi. Har gaya wa mutane yake yi wai a ƙasar su ticha, malamai da noma suke hutawa.

Da aka fassara wa tsohon, dariyarsa ta ɗauke. Sannan ya tashi ya kama hannun Gidiyon ya kai shi rumbu, ya nuna masa buhunan shinkafa, ya ce ya zaɓi rabonsa, guminsa ne. Mutumin kirki ne, ban ga laifinsa ko ɗaya ba. Bai taɓa yi wa kowa alkawari ba, baƙo ya gani yana son taɓo ya bar shi ya shiga.

Kuma ƙanena ya tsaya a ƙofar. Ina da hoton. Ga shi nan cikin riga mai sheƙi, riƙe da igiyar furanni, ya yaƙe haƙora, ango ɗan gajere yana miƙa masa ambulan. Shekara biyu cikin taɓo, abin da ya samu ke nan, da malfa.

Ya ƙarasa zangon karatu da ƙyar ya tattaro ya dawo, daidai farkon damina. Ya sauka a Wara da akwati mai taya da tsarabar sabulu. Inna ta rungume shi tana kuka, ta kasa gaya masa komai. Ni na gaya masa. Na ce Baba Tamada ya lissafa wa Bilyaminu har daminar farko, don shi ya gani cikin gonar, wannan ce ta uku, an ma fara maganar rana bayan girbi.

Ya ce, "Yaya, ni nar riga shi shiga. Ba a amshe min kalme ba, ko an amshe?"

Na ce, "Ba a amshe ba, don ba ka nan a amshe."

Bai ji ba. Washegari da sassafe na ji shi yana lalube a bayan ɗaki, ya fito da tsohuwar garmarsa, duk ta yi tsatsa. Ya kifa malfar Tailan ya nufi fadama. Na ja mayafina na bi shi, don na san abin da za a yi, kuma ban so a yi shi ba ɗan gidanmu ko ɗaya a wurin.

Bilyaminu na can ƙarshen gonar, ya duƙa. Gidiyon ya kama kunya daga wannan kai, kuma har yanzu hannun na nan, tana fita sambal. Mutanen gonakin kusa suka miƙe suka dafa ƙugu. Ya yi nisa sosai, rana ta ɗaga, sannan Baba Tamada ya taho a hankali da sandarsa. Ya tsaya a gabansa ya miƙa hannu.

Gidiyon ya fara magana. Ya ce Baba a saurare shi, ya kawo damina biyun da ya yi, ya kawo wahalar zaman baƙunta, ya ce shaiɗan ne, ya ce ƙuruciya ce, Turanci na kuɓuce masa yana mayarwa Hausa. Duk maganar da ya ƙi yi shekara biyu ya juye ta a wurin. Hannun tsohon dai na miƙe. Da maganar ta ƙare, Gidiyon ya saki garmar. Baba Tamada ya ɗauke ta, ya taka har bakin iyaka, ya kwantar da ita a kan ciyawa a hankali, ya juya.

Na zaci zan ji daɗi. Na daɗe ina jiran ranar da za a sauke masa girman kan nan. Amma da na ga ƙanena tsaye tsakiyar gonar mutane hannu biyu a sake, taɓo har gwiwa, sai na ji tausayinsa ya kama ni, na tuna yaron da na goya.

Bai motsa ba har Susan ta ɓullo ta hanyar rafi da langa shuɗiya a ka. Hanyar ta gabansa ta bi, ba wata. Ta yi ƙiba, ta yi kyau. Da ta zo daidai shi ta ɗan rage tafiya, ta rusuna kaɗan kamar yadda ake yi wa yayan miji.

Ta ce, "Yaya Gidiyon, sannu da zuwa. An dawo lahiya?"

Ta gyara langar a kanta ta wuce wajen Bilyaminu.

Ni na je bakin iyaka na ɗauko garmar, don shi ya wuce ta ko kallonta bai yi ba. Tana nan a bayan ɗakina. Ya koma koyarwa a Wara, yana da ɗaki a can, bai yi aure ba. Duk damina in ruwa ya sauka nakan ce masa ga garmarsa nan in yana so, sai ya ce in bar ta tukuna.